Yadda ake dasa boron a gurbin da ake so a zoben benzin da katalis na iridiyam

Zana 1,3-daikulorobenzin a takarda. Kulorin biyu ne a kan zoben, a kabon na 1 da na 3, sai haidirojin huɗu da suka rage: ɗaya a kabon na 2, a matse tsakanin kulorin ɗin biyu, biyu a na 4 da na 6, kowanne da kulorin a gefensa, sai na 5 da ba shi da maƙwabci ko ɗaya sai 'yan'uwansa haidirojin. Duk wanda ya yi kemistirin shekarar farko a jami'a ya san abin da zai biyo baya idan aka kawo asid ɗin naitirik ko buromin: kulorin yana tura sabon rukuni zuwa orto (kabon da ke gefensa) da para (wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen zoben), saboda haka kusan komai a kabon na 4 zai sauka. Na 5 kuwa ba a isa gare shi da tsofaffin hanyoyin nan, har da ta Friedel da Crafts da ake amfani da ita tun 1877. Su ilektiron suke bi, kuma kabon na 5 shi ne inda kulorin ɗin ba su tura masa komai ba.

Katalis na iridiyam, wato sinadarin da ke hanzarta aikin dasa boron ba tare da shi kansa ya ƙare ba, fili yake nema, ba ilektiron ba. Wannan ne ya sa aikin ya zama ruwan dare a ɗakunan binciken magunguna. Milton Smith na Jami'ar Jihar Mishigan ya nuna alamun farko a 1999, sannan a 2002 sakamako biyu suka fito kusan lokaci guda: na Smith da Robert Maleczka, da na Tatsuo Ishiyama da Norio Miyaura na Jami'ar Hokkaido a Jafan tare da John Hartwig, wanda a lokacin yana Yale. Tsarin na biyun, mai amfani da dtbpy a matsayin ligan, wato molekul da ke riƙe ƙarfen, shi za mu bi a nan domin ya fi sauƙin haɗawa kuma yana aiki ko ba zafi mai yawa.

Mataki na farko: karanta molekul ɗinka kafin ka taɓa kwalba

A nan ake cin nasara ko a faɗi, kuma takarda da biro kawai ake bukata. Abin da ke yin aikin a cikin kwalba shi ne iridiyam ɗauke da dtbpy da rukunin Bpin (boron da ke ɗaure da wani molekul mai suna finakol) har uku. Ƙungiyar Hartwig ta tabbatar da haka a 2005. Ɗaurin C–H na benzin yana da ƙarfi ƙwarai, wajen kilokalori 113 a kowane mol, kuma kafin iridiyam ya karya shi sai ya matso daf da shi da duk wannan kaya da yake ɗauke da su. Kamar mai ɗauke da faffaɗan tire a ka cikin kasuwa ne, ba ya shiga lungu mai matsi ko da can cinikin yake. Don haka ƙa'idar guda ce: duk haidirojin da ke da rukuni a gefensa, soke shi. Abin da ya rage shi ne inda boron zai sauka.

Gwada ta a kan zobba daban-daban. Idan rukuni biyu suna 1,3, gurbi ɗaya tak ya rage, na 5, kuma ba ruwan katalis da ko rukunan masu ba da ilektiron ne ko masu janyewa. Wannan shi ne mafi daɗin aiki. Idan suna 1,2 kuma iri ɗaya ne, na 4 da na 5 duk abu guda ne, samfur ɗaya za ka samu. Idan 1,2 ne amma daban-daban, shirya wa cakuɗa biyu. Idan rukuni ɗaya ne kawai, kamar toluwin ko kulorobenzin, akwai meta biyu (kabon na 3 da na 5) da para ɗaya a buɗe, sai ka samu cakuɗa wajen biyu bisa ɗaya, ga kuma wani kaso da boron ya shiga sau biyu. Raba irin wannan cakuɗa aiki ne mai cin rai, kuma a ganina wanda ya ga molekul ɗinsa haka yake gara ya sake tunani tun kafin ya sayi iridiyam. Idan kuwa 1,4 ne, kowane haidirojin yana da maƙwabci, aikin sai ya yi ta jan ƙafa.

Akwai masu karya ƙa'idar. Fulorin ƙarami ne, bai fi haidirojin girma sosai ba, kuma yana ƙara wa haidirojin na gefensa saurin fita, don haka boron yakan sauka kusa da shi. Rukunin CN siriri ne, shi ma yakan bari a raɓe shi. A zobba masu kusurwa biyar irin su tayofin, furan da firol, boron yana son kabon da ke daf da atom ɗin salfa, oksijin ko naitirojin. Indol ma a kabon na 2 yake karɓa, sai dai idan ka ɗora wa naitirojinsa babban rukuni kamar Boc, nan sai boron ya koma na 3. Firidin kuwa matsalarsa daban: naitirojinsa yana kama iridiyam ya hana shi aiki, sai idan akwai rukuni a gefen naitirojin ɗin da zai tare shi. Firidin mai rukuni a 2 da 6 yana karɓar boron a na 4 lafiya lau.

Duba sauran molekul ɗin kuma. Kulorin da buromin ba abin da ke samunsu, kuma wannan babbar riba ce, domin da faladiyam ne da su zai fara cinyewa. Rukunin esta da na ita (ether) suna tsira. Amma OH da NH da ke sake sukan sha boron tukuna, aldehaid yakan rikiɗe, ɗauri biyu ko uku tsakanin kabon da kabon yakan ja boron ya bar zoben, rukunin naitiro kuma yakan kashe aikin. Sannan zobe mai ƙarancin ilektiron ya fi saurin amsawa, akasin abin da aka saba gani a tsofaffin hanyoyi. Shi ya sa daikulorobenzin ya dace da mai koyo.

Idan lissafinka ya nuna orto kake bukata, wannan ba hanyarka ba ce. Orto ana samunsa ne da rukunin da zai kama ƙarfen ya jawo shi gefensa, kamar yadda Shinji Murai na Osaka ya yi da ruteniyam a kan keton a 1993, da Melanie Sanford da faladiyam a 2004.

Mataki na biyu: kaya da awo

Ga awon milimol ɗaya. Daikulorobenzin miligiram 147, wato kimanin maikurolita 114. B2pin2, wanda shi ke ba da boron, miligiram 190, milimol 0.75 ke nan. Garin iridiyam, wato [Ir(OMe)(cod)]2, miligiram 10, wanda ya yi kashi 1.5 cikin ɗari, kuma da yake iridiyam biyu ne a kowane molekul nasa, ƙarfen ya zama kashi 3. Shi ya sa dtbpy ma kashi 3 ne, miligiram 8. Ruwan narkarwa mililita 2 zuwa 3.

Me ya sa 0.75 ba ɗaya cif ba? B2pin2 boron biyu gare shi. Na farko yana shiga zobe da sauri ya bar HBpin, wato Bpin na biyun ɗauke da haidirojin, shi kuma HBpin yana iya shiga wani zoben ya saki iskar haidirojin, sai dai a hankali. A lissafi rabi ma ya isa. Ana ɗan ƙarawa ne don kada a dogara kacokan kan zagaye na biyun nan mai nawa. Idan ka zuba fiye da kima kuma, ragowar za ta bi ka har wajen tsarkakewa.

Ruwan narkarwa: hekzen, saikulohekzen, THF ko MTBE. Kada ka kuskura ka sa toluwin ko benzin, domin su ma zobba ne, kuma da yake sun fi abin da ka zuba yawa ninki-ba-ninki, su katalis zai yi wa aiki. Asitonaitiril da DMF suna kama iridiyam su rage masa kuzari. Idan THF ka zaɓa, gwada shi da takardar gwajin feroksaid. Tsohon THF da ya daɗe a buɗe yana tara feroksaid, wanda ke kashe katalis kuma yana da haɗari idan aka ƙafar da shi.

Kalli garin iridiyam ɗinka da kyau kafin ka auna. Mai kyau ruwan ɗorawa ne mai haske. Idan ya koma kore-kore, ruwan ƙasa ko baƙi, iska ta riga ta taɓa shi. Ana ajiye shi a firiji cikin kwalbar da aka cika da agon ko naitirojin, kuma idan ka fito da shi bar shi ya huce daga sanyi kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, firiji yana sanyi yana ɗumi, wannan raɓa ce ke lalata kaya a ɓoye, don haka a sa ƙaramar kwalbar cikin babba mai ɗauke da abin tsotse laima. Kayan ba arha ba ne: iridiyam yana cikin ƙarafan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa, 'yan tan kaɗan ake samu a shekara duk duniya, mafi yawa daga ma'adinan filatinam na Afirka ta Kudu.

Mataki na uku: fitar da iska da laima

Nan gizo ke saƙa. Galibin gwajin da ya ƙi, oksijin ne ya kashe shi, kuma miligiram 10 na katalis ba ya bukatar iska mai yawa kafin ya mutu.

Busar da kwalbar Schlenk, wadda ke da famfo a gefe na shigar da iska da fitar da ita, da ɗan maganaɗisun motsawa a tanda mai digiri 120 tun daren jiya. Fito da ita da zafinta, haɗa ta da famfon zuƙe iska, bar ta ta huce a haka. Sannan cika ta da agon ko naitirojin, sake zuƙewa, sake cikawa, har sau uku. Mai akwatin safar hannu, wato rufaffen akwatin aiki da babu oksijin a cikinsa, ya huta da wannan duka, amma ba dole ba ne. Layin Schlenk ya isa, kai ko balan-balan da aka cika da agon, da allura da murfin roba sabo, suna yi idan mutum ya natsu.

Shi ma ruwan narkarwa yana ɗauke da oksijin a narke. Hanya mafi inganci ita ce a daskarar da shi da ruwan naitirojin, a zuƙe iskar, a bar shi ya narke, sau uku. Idan babu ruwan naitirojin, tura doguwar allura har ƙasan ruwan ka bar agon yana tasowa ta cikinsa minti 20 zuwa 30, da wata gajeriyar allura a murfin don iska ta fita. Yi wa daikulorobenzin ɗin haka shi ma. Mutane sukan manta da shi don ɗan kaɗan ne.

Mataki na huɗu: haɗa katalis

Yayin da agon ke fita ta bakin kwalbar, zuba garin iridiyam da B2pin2, rufe, sake zuƙewa da cikawa. Sa mililita ɗaya na ruwan narkarwa da sirinji ka motsa na ɗan lokaci. Sannan ka shigar da dtbpy da aka narkar a sauran ruwan. Jerin nan yana da dalili: ana so iridiyam ya fara gamuwa da boron kafin ligan, ko a ƙalla tare. Wani bincike da masanan kamfanin Merck suka yi da ƙungiyar Smith da Maleczka a 2013 ya nuna jerin zubawa yana canza sakamako, musamman idan HBpin ake amfani da shi tun farko.

Yanzu zuba ido a kan launi. Cikin 'yan mintuna ruwan zai tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja mai duhu, wajen ruwan ƙasa, a tace ba gurɓata. Wannan launi shi ne shaidar katalis ya haɗu. Idan minti goma suka wuce yana nan fari-fari ko ya yi kore, ko baƙin gari ya kwanta a ƙasa, kada ka zuba abinka mai daraja a ciki. Zubar ka sake. Idan launin ya yi daidai, sai ka shigar da daikulorobenzin da ƙaramin sirinji.

Mataki na biyar: zafi, lokaci da sa ido

Daikulorobenzin yana amsawa ko a zafin ɗaki cikin hekzen. Idan ana so a gama da wuri, a sa kwalbar a kaskon mai mai digiri 50 zuwa 60. Zobba masu yawan ilektiron ko masu matsi su ne ake kai wa digiri 80 a THF har kwana guda, kuma tun da THF yana tafasa a digiri 66, wannan sai a bututu mai kauri da aka yi don ɗaukar matsi, a bayan gilashin kariya. Idan dtbpy ya gaza a irin waɗannan, a gwada wani ligan mai suna tmphen, wanda ya fi shi jure dogon zafi.

Kada ka manta da haidirojin. A awonmu na milimol ɗaya, abin da zai fito bai wuce mililita 6 ba. Amma a milimol 100 da rabin awo na B2pin2, ya haura lita guda. A babban aiki ba a toshe kwalba, ana barin ta a haɗe da layin agon mai mafita, cikin akwatin zuƙe hayaƙi, nesa da wuta.

Bayan awa biyu, ɗebi ɗigo da sirinjin da aka wanke da agon, tsarma shi, duba da GC-MS, na'urar da ke raba cakuɗa ta auna nauyin kowane molekul. Samfurin zai fito da nauyi wajen 272, da tsarin kololuwa irin na kulorin biyu. Idan babu wannan na'ura, TLC, wato raba cakuɗa a kan farantin silika, ya isa, kuma akwai dabara mai arha ta ganin boron: kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum launinsa. A narkar da shi a etanol da ɗan asid, a tsoma farantin, a ɗan gasa. Duk ɗigon da ke da boron sai ya yi ja a kan farantin da ya rine ruwan ɗorawa. Sai dai ragowar B2pin2 ma tana da boron, don haka ɗiga shi a layinsa daban domin kwatance.

Idan aiki ya tsaya a rabi, duba launi. Yana nan ja, to zagaye na biyu ne ke nawa, ƙara zafi ko ɗan B2pin2. Ya koɗe ko ya yi baƙi, katalis ya mutu, sai a haɗa sabo a wata kwalba a shigar da shi da sirinji.

Mataki na shida: tsarkakewa

Bar kwalbar ta huce, buɗe ta a hankali a akwatin zuƙe hayaƙi, bar iska ta shiga ta kashe katalis. Wasu sukan ɗiga metanol don cinye ragowar HBpin, za ka ga yana kumfa. Ba laifi, amma kada ka dafa cakuɗar da metanol alhali iridiyam yana da rai, domin yana iya cire boron ɗin da ka sha wahalar dasawa, musamman a zobba irin su tayofin da indol.

Ƙafar da ruwan, narkar da abin da ya rage a hekzen mai ɗan etil asitet, tace ta gajeriyar silika, kamar santimita 3 zuwa 5. Baƙin iridiyam zai tsaya a sama. Gajarta silikar da gangan ne: estocin boron sukan manne mata su yi ta jan wutsiya, wasu ma su lalace idan sun daɗe a kai. Idan dole sai dogon kolom, ana jiƙa silikar da asid ɗin borik a busar kafin amfani, yana rage asara. Ragowar daikulorobenzin, mai tafasa a digiri 173, famfon zuƙe iska zai ɗauke ta idan aka ba shi lokaci.

Cikakken sakamako miligiram 273 ne, da shi za ka raba abin da ka auna. A NMR na haidirojin, gwajin da ke nuna mazaunin kowane haidirojin a molekul, cikin ruwan narkarwa CDCl3, nemi alama uku: haidirojin biyu wajen 7.65, ɗaya wajen 7.43, da doguwar kololuwa ta haidirojin 12 wajen 1.35. Ƙananan rabe-raben da ke kan na farko biyun ba su wuce hez 2 ba, wanda ke nuna duk haidirojin ɗin meta suke da juna. Da boron ya sauka a na 4, da ka ga rabuwa mai faɗin hez 8. Wata kololuwa kusa da 1.26 kuwa ragowar B2pin2 ce ko danginsa.

Mataki na bakwai: mayar da boron abin da ake nema

Ba kasafai boron ɗin kansa ake so ba, madafa ce. Da faladiyam da wani zobe mai buromin ana yin haɗin Suzuki, aikin da ya sa Akira Suzuki ya raba kyautar Nobel ta 2010 da Heck da Negishi. Da CuBr2 a metanol da ruwa a digiri 80 ana mayar da shi buromin, hanyar da ƙungiyar Hartwig ta wallafa a 2007. KHF2 yana ba da gishirin tirayifuloroboret mai daɗewa a ajiye, NaIO4 kuma yana cire finakol ya bar asid ɗin boronik.

Mafi sauƙin gwadawa shi ne finol, kuma ba sai an tsarkake ba. Ƙafar da ruwan narkarwa, narkar da ɗanyen samfurin a asiton mililita 3 ko 4, ɗiga masa Oxone, gishirin da ke ba da oksijin, miligiram 615 da aka narkar a ruwa, motsa da ƙarfi kamar minti goma, sannan kashe ragowar da ruwan sodiyam baisalfait. Ciro samfurin da ruwan ita (ether) ko etil asitet. Abin da ka samu 3,5-daikulorofinol ne, mai narkewa wajen digiri 68. Gargaɗi ɗaya a nan: kada a musanya Oxone da haidirojin feroksaid alhali asiton na cikin kwalba, domin haɗuwarsu tana haifar da feroksaid mai fashewa. Mai son amfani da haidirojin feroksaid ya yi a THF da ruwan soda mai ƙuna. Finol ɗin kansa yana ƙona fata, a sa safar hannu.

Da wannan hanya Maleczka da Smith suka yi 3-buromo-5-kulorofinol a kwalba guda a 2003, daga 1-buromo-3-kulorobenzin da ake saye a kasuwa. Kafin nan, hanyar da aka sani ta yin sa matakai goma ce, kuma daga TNT, sinadarin nan mai fashewa, take farawa. Aikin ya ba su lambar yabon kemistiri mai kare muhalli ta shugaban Amurka a 2008. Wanda ya iya daikulorobenzin zai iya maimaita wannan da awo iri ɗaya, sai dai zoben ya zama miligiram 191.

Idan samfurin hanyar magani zai bi, sauran aiki guda: ƙa'idar ICH Q3D, ta ƙasa da ƙasa a kan ragowar ƙarafa a magunguna, ta kayyade iridiyam a maikurogiram 100 a rana ga maganin sha, don haka sai an bi da gawayi mai tsotsa ko silika mai ɗauke da salfa, a auna ragowar ƙarfen da na'urar ICP-MS. Baƙar silikar da ka tace da ita da duk ruwan wankin kwalba kuma a tara su a mazubi daban mai lakabi, domin ana iya dawo da iridiyam daga cikinsu.